Wutar Kara da Wutar Ƙaiƙayi: Nazarin Kundin I Burn

Duk wanda ya ɗan bibiyi waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu, waɗanda duniya ke kira K-pop, zai lura mutanen nan ba sa gajiya da kunna wuta. Da waƙa mai suna Fire ƙungiyar 2NE1 ta buɗe kasuwarta a 2009. A 2016 BTS suka fitar da tasu Fire ɗin, kafin shekarar ta ƙare Blackpink suka zo da Playing with Fire. A bidiyo kuwa sai ka ga mota tana ci, ɗaki yana ci, mawaƙi yana tafe cikin kaya masu tsada ko waiwaye ba ya yi. Yawancin wannan wutar kara ce: ta tashi fuu, ta haska fuskar kowa, kafin ka miƙa hannu ka ji ɗumi ta zama toka.

Akwai dalili a cikin sana'ar kanta. Kamfani yakan ɗauki yaro ko yarinya tun suna makarantar sakandare, a yi shekaru ana horar da su rawa da waƙa da iya tsayuwa gaban kyamara, sannan a haɗa su ƙungiya. Tun 2009 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta tsara kwantiragin da bai wuce shekara 7 ba, don haka kowane kamfani yana tsere da lokaci. Duk bayan 'yan watanni sai ƙungiya ta fito da sabon aiki, kuma sunan da suke ba wannan fitowa shi ne kambak, wato dawowa, ko da babu inda aka je. Kowace dawowa da sabon launin gashi, sabuwar sutura, sabon labari. An binne na jiya, ga na yau. To sana'ar da kalandarta ke buƙatar mawaƙi ya mutu ya tashi sau biyu a shekara, ina mamaki don ta riƙe wuta da toka da farfaɗowa a matsayin jari? Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Shi ya sa nake ɗaukar irin wannan jigo da taka-tsantsan. Amma akwai kundi ɗaya da na ga ya ɗauki wutar da gaske, shi ne I Burn na ƙungiyar (G)I-DLE, wanda kamfanin Cube Entertainment ya fitar ranar 11 ga Janairu, 2021. Ƙaramin kundi ne, waƙoƙi 6 kacal. A lokacin su shida ne: Soyeon da Miyeon da Soojin 'yan Koriya, Minnie daga Tailan, Yuqi daga Sin, Shuhua daga Taiwan. Abin da ya bambanta su da yawancin takwarorinsu shi ne jagorarsu Soyeon ce ke rubuta mafi yawan waƙoƙinsu tun fitowarsu a Mayun 2018, kuma a wannan kundi Minnie da Yuqi ma sun sa hannu a tsara kiɗa. Wannan bai sa aikin ya kuɓuta daga hannun kamfani ba, amma yana nufin akwai wadda za a iya tambaya me take nufi.

Kafin a shiga ciki, sai mai karatu ya ɗan ajiye wani abu. Kunnen Bahaushe idan ya ji mutum na cewa yana ƙonewa, wutar lahira ce ke fara faɗo masa. Babu wannan a nan. Wutar da ake magana a ƙirji take.

Mabuɗin kundin yana cikin kalmomi biyu. Kaso mai yawa na kalmomin Koriyanci daga Sinanci aka aro su, kamar yadda muka aro daga Larabci, kuma da yawa sun zo sun haɗu a lafazi ɗaya, sai an rubuta harafin Sinanci a gefe ake sanin wacce ake nufi. Kusan kamar kuka ne a wurinmu, akwai na hawaye akwai ta miya. Kalmar han tana iya nufin ɗaya, tana iya nufin sanyi, tana iya nufin wani irin baƙin ciki da za mu zo kansa. A 2018 ƙungiyar ta yi waƙa mai suna Hann, ta rubuta harafin ɗaya a gefensa, wato kaɗaici. A I Burn suka buɗe da wata Hann ɗin, wannan karon da harafin sanyi. Harafi na uku, na baƙin ciki, ba su sa shi a take ko ɗaya ba, amma babu ɗan Koriyar da zai ji sunan bai tuna shi ba. Haka kalmar hwa: wuta ce, kuma fure ce. Babbar waƙar kundin, Hwaa, an jera mata haruffan biyu a take, wuta sannan fure. Labarin kundin gaba ɗaya ke nan a cikin gaɓa biyu: mace ta rabu da masoyi, zuciyarta ta daskare, ta hura wuta ta ƙona abin da ya rage, tana fatan fure ya fito a wurin.

Wannan han na uku shi ne abin da 'yan Koriya suka daɗe suna cewa ba ya fassaruwa. Baƙin ciki ne da aka haɗiye, da zalunci da ba a rama ba, da begen abin da ba zai dawo ba, duk sun dunƙule wuri ɗaya sun zauna. Ana danganta shi da mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, da yaƙin 1950 zuwa 1953 da ya raba iyalai har yau, da rayuwar matan da aka aurar gidan surukai aka ce su yi shiru. A fim ɗin Seopyeonje na Im Kwon-taek, wanda ya fito a 1993, wani mawaƙin gargajiya na salon fansori ya makantar da 'yar riƙonsa da magani don baƙin cikin ya shiga muryarta ta yi zurfi. Fim ɗin ne na farko na gida da ya tara masu kallo sama da miliyan ɗaya a Seoul. Sai dai ba kowa ya yarda cewa han tsohon gado ba ne. Wasu masana suna nuni da cewa wani mai sharhin fasaha ɗan Japan, Yanagi Muneyoshi, shi ya yaɗa ra'ayin cewa kyan fasahar Koriya kyan baƙin ciki ne, kuma a zamanin mallaka ya faɗi haka, lokacin da ya yi wa mai mulki daɗi a ce wanda ake mulka mai kuka ne tun asali. Ina ganin suna da hujja. Amma ko daga ina kalmar ta samo nauyinta, yau ta zama ta masu ita, kuma yarinya 'yar shekara 22 irin Soyeon tana iya ɗaukarta ta yi waƙar rabuwa da ita.

Wutar ma tana da nata tarihin a jikin mutum. Akwai ciwon da 'yan Koriya ke kira hwabyeong, ciwon wuta. Mai shi yana jin zafi na taso masa, ƙirji ya yi nauyi, wani dunƙule ya tokare masa maƙoshi ko ƙahon zuci, barci ya ƙaurace. An fi saninsa ga matan aure masu matsakaicin shekaru waɗanda suka daɗe suna danne fushi. Har kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 1994, ya ambace shi cikin cututtukan da ke da alaƙa da al'adar wata al'umma. Mu da muke cewa ƙunar zuci, muke cewa abu yana cin mutum a rai, ba ma buƙatar dogon bayani. Wannan ita ce wutar ƙaiƙayi: sama toka, ƙasa tana ci.

Ga kuma wutar gona. A daren cikar watan farko na kalandarsu ta gargajiya, manoman Koriya kan cinna wa busasshiyar ciyawar gefen gonaki wuta don kashe ƙwari da ɓeraye, a kuma tara itace da tattaka a yi wata bukka a ƙona ta lokacin da wata ke fitowa, da fatan sharrin shekara ya tafi da hayaƙin. Manomin da ya taɓa yin sassabe ya ƙona kafin damina ya san hikimar. Abin da Hwaa ta yi shi ne ta ɗauki wutar da ke cin ƙirji a ɓoye ta fito da ita fili ta mai da ita wutar gona. Abin da ke ƙuna ɗaya ne, sai dai yanzu mai ita ce ta kunna da hannunta, kuma ta san abin da take son ya tsiro.

Kiɗan ya bi wannan tunani. Waƙar farko tana tafiya a hankali, muryoyin kamar suna fitowa daga ɗaki mai sanyi da ba kowa. Hwaa kuma, inda mai sauraren K-pop ya saba jiran amshi ya fashe da ganguna, sai amshin ya buɗe kamar doguwar ajiyar zuciya, kalmar take ana jan ta, kayan kiɗa masu ɗanɗanon gabashin Asiya suna bin ta a baya. Na fi jin muryar Yuqi a nan, mai kauri, wadda ke hana waƙar yin zaƙin da zai ɓata ta. A waƙar Moon mai magana tana neman duhu, ba ta son hasken wata ya tona halin da take ciki. Wannan waƙa ce ta gamsar da ni cewa marubutan sun san baƙin ciki, domin wanda ya sani ya san cewa bayan an yi ta maza an kunna wuta, washegari ana iya komawa ƙarƙashin bargo.

Ba duka ne ya yi ba. Where Is Love tana da kiɗan rawa mai sauƙi wanda a kunnena bai zauna da sauran ba, kamar an tuna cewa dole a sami abin da za a taka. Kuma kada a manta an fitar da kundin a kwali iri uku, na sanyi da na wuta da na fure, kowanne da hotunansa, don masoyi ya sayi uku maimakon ɗaya. Matakan warkewar zuciya sun zama kayan shago. Wannan ma gaskiyar aikin ce, ba a iya raba ta da shi.

Amma dubi inda aka rufe. Waƙar ƙarshe, Dahlia, sunan fure ce, don haka mai saurare yana tsammanin an iso ga alkawarin da aka yi masa. Sai ya tarar furen kyakkyawa ne mai haɗari, mai magana kuma tana sake faɗawa soyayyar da ta san za ta iya cutar da ita, da idonta buɗe. Kundin da aka gina kan sanyi da wuta da fure bai ƙare da mace ta tsaya kan toka tana bugun ƙirji ba. Ya ƙare da ita tana shirin sake ƙonewa. A sana'ar da ke sayar da nasara, wannan ƙarfin hali ne.

Abin da ya biyo baya kuwa babu wanda ya rubuta shi. Makonni kaɗan bayan fitowar kundin, aka fara yaɗa zargi a intanet cewa Soojin ta ci zalin wasu lokacin tana makaranta. Ta musanta zargin, amma a watan Maris ta dakatar da aiki, a watan Agusta kamfanin ya sanar da ficewarta. Ƙungiyar ta yi sama da shekara ba ta fitar da kundi ba, wanda a wannan kasuwa kusan mutuwa ce, kuma da yawa sun ɗauka ta ƙare. A Maris 2022 su biyar suka dawo da I Never Die, waƙarsa Tomboy ta mamaye ƙasar, ta kai su inda ba su taɓa kaiwa ba.

Masoyansu suna son ba da labarin kamar annabci: sun rera ƙonewa, sun ƙone, sun tashi. Labari ne mai daɗi, amma yana tsallake mutum ɗaya, wadda ta rera waƙar fure tare da su ba ta ga furen tare da su ba. Sai a ƙarshen 2023 ta sake fitowa ita kaɗai. Sannan idan aka ajiye kundayen biyu gefe da gefe, na biyun ne ya fi kama da abin da kowa ke yi. I Never Die tun daga sunansa cika baki ne, mai kyau, mai sa jini ya motsa, amma irin wanda ƙungiyoyi da dama suka yi, har Le Sserafim suka ɗauki kalmar Antifragile daga littafin Nassim Taleb a 2022 suka sa wa nasu. Juriyar da ke cewa babu abin da ya taɓa ni tana da sauƙin sayarwa. Wadda ke cewa ya taɓa ni, har yanzu ina jin sa, ga shi ina tafiya, ita ce mai wuyar rerawa, kuma ita ce a I Burn.

A Mayun 2025 suka cire harafin G daga sunansu suka koma i-dle, wata sabuwar haihuwar ke nan a kalandar kasuwa. Wanda zai nemi I Burn, shawarata ya saurare shi a jere daga waƙar farko zuwa ta shida, da fassarar baitocin a gabansa, kada ya fara da bidiyon. Bai kai rabin awa ba, kuma a wurina har yau shi ne mafi kyawun abin da suka yi.