Masu Auna Kaurin Bayan Ido

Mai hawan jinin ido yakan yi shekaru yana tuƙa mota, yana karatunsa, bai san wani abu na cin ganinsa ba. Yawanci cutar ba ta ciwo, ba ta sa ido ya yi ja. Daga gefe take fara ci a hankali, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Shi ya sa nake girmama mutanen da aikinsu shi ne kama ta tun mai ita bai ankara ba.

A can bayan ido akwai wata siririyar shimfiɗa da likitoci ke kira retina. A samanta zaruruwan jijiya sama da miliyan ɗaya ne suke kwance, suna taruwa wuri guda su zama jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Kaurin wannan layi a lafiyayyen ido kimanin maikiron 100 ne, kusan kaurin silin gashi ke nan. Idan cutar ta fara kashe zaruruwan, sai layin ya riƙa sirancewa, sau da yawa tun kafin gwajin gani ya nuna komai.

To yaya ake auna abu mai wannan ƙanƙanta a cikin idon mai rai, ba yanka ba taɓawa? Da haske. Na'urar OCT, wadda James Fujimoto da David Huang da abokan aikinsu suka bayyana a 1991 daga cibiyar MIT ta Amurka, tana aiki kamar hoton cikin mai juna biyu, sai dai ita haske take turawa a maimakon sauti. Haske ya fi ƙarfin a bi shi da agogo, don haka sai suka raba shi biyu: rabi ya shiga ido, rabi ya doki madubi, a haɗa su idan sun dawo, bambancinsu ya faɗi zurfin kowane layi. Mara lafiya zai ɗora haɓarsa, ya kalli ɗigon haske, cikin daƙiƙu an gama.

Ni dai ba na'urar ce ta fi burge ni ba, mai karanta takardar sakamakon ne. Takarda takan fito da kore da rawaya da ja, sabon shiga kuwa da ya ga ja sai hankalinsa ya tashi. Gwani ya san mai tsananin gajeren gani yakan nuna ja alhali ba cutar, ya san yanar ido ko ƙiftawa kan ɓata hoto. Zai kwatanta idon dama da na hagu, ya duba sama da ƙasan jijiyar inda cutar ta fi fara ci, sannan ya ɗauko takardar bara ya ajiye kusa da ta bana. Raguwar 'yan maikiron tsakaninsu ita ce maganar. Kuma ba ya yarda da awon ƙarfin ruwan ido shi kaɗai, domin akwai waɗanda nasu bai haura 21 ba, wato iyakar da ake ɗauka lafiya, amma jijiyarsu na mutuwa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, mafi yawansu ba su sani ba. Idan ka kai waɗannan shekaru, balle a ce a danginku akwai wanda ta makantar, je ka a duba ka. In an yi maka wannan awo, adana takardar, baɗi za a neme ta.