Baƙar Ɗamara da Sunan Girma a Wasannin Faɗa na Koriya

A duk ɗakin horon taekwondo, a Seoul ne ko a Yamai, sahu ake fara ja kafin kowa ya ɗaga ƙafa. Ɗalibai sukan jeru bisa launin ɗamararsu, wanda ya fi daraja a gaba ta hannun dama, sabon shiga mai farar ɗamara can baya. Babban ɗalibi ya ɗaga murya ya ce charyeot, kowa ya ƙame. Ya ce gyeongnye, kowa ya rusuna wa malami. Mai kallo daga waje yakan ɗauka jerin ƙarfi ne, wato na gaba zai iya kayar da duk wanda ke bayansa. A nan kuskuren yake. Daraja a wasannin faɗa na Koriya shaida ce ta daɗewa a cikin sana'ar da nauyin da aka ɗora wa mutum, kuma kimarta ba ta wuce kimar gidan da ya bayar da ita.

Ƙa'idojin ƙarin girma su ne hujja ta farko. Mai koyo yakan fara da matakan geup, waɗanda ake ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, launin ɗamara yana sauyawa. Daga nan sai matakan dan, na baƙar ɗamara, daga ɗaya zuwa tara. A tsarin da Kukkiwon, babbar cibiyar taekwondo da aka buɗe a Seoul a 1972, ta daɗe tana bi, mai dan na ɗaya zai jira shekara guda kafin ya nemi na biyu, mai na biyu ya jira biyu, mai na uku ya jira uku, haka jiran yake ƙaruwa har ya kai shekara tara tsakanin na takwas da na tara. In aka haɗa, shekara 38 ke nan. Wanda ya sami dan na ɗaya yana da shekara 15 ba zai taka na tara ba sai yana da 53, lokacin da gwiwa ta fara ƙara kuma kowane saurayi ɗan gasa zai riga shi kai duka. Da ƙarfi ake aunawa, da wannan lissafi ya zama shirme. Filin gasa ma ya tabbatar da haka: lokacin da Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Olamfik na Rio a 2016, da lokacin da Chika Chukwumerije ya samo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008, sikeli ne ya raba 'yan wasa rukuni-rukuni, babu wanda aka ba maki don yawan dan ɗinsa.

Sunayen girma sun fi ɗamara nuna wannan. Sabeom shi ne malamin da aka yarje wa ya koyar, kuma a wajen Kukkiwon sai mutum ya kai dan na huɗu sannan ya yi kwas na koyarwa. Gwanjang shi ne shugaban makaranta ko mai gidan horo. Duka biyun sunayen aiki ne. Ɗalibi in zai kira su yakan ƙara nim a ƙarshe, ya ce sabeomnim, domin harshen Koriya yana da ɗabi'ar girmama na sama da wannan ɗafi, a ofis da makaranta da asibiti baki ɗaya. Abin lura shi ne mutum ba ya liƙa wa kansa nim. Girman daga bakin na ƙasa yake fitowa, kamar yadda ba mai naɗa wa kansa rawanin sarauta. Saboda haka baƙon malami da ya buga “Sabeomnim Wane” a katinsa ya nuna bai fahimci al'adar da yake taƙama da ita ba. Haka kuma seonbae da hubae, wanda ya riga shiga da wanda ya biyo baya: na baya ya miƙa abu da hannu biyu, na gaba kuma ya gyara masa tsayuwa, ya ɗauki laifinsa in ya yi kuskure a gaban malami. Makarantar Moo Duk Kwan, wadda Hwang Kee ya kafa a 1945, ta kai abin ga ba kowane mai dan lambar rajista, kuma da lambar ake sanin wa ya riga wa. Kowa ya riga ka barci zai riga ka tashi. Makarantar ba ta ma ɗaura baƙar ɗamara, sai shuɗiya mai duhu, da hujjar cewa baƙi alama ce ta kammalawa, koyo kuwa ba ya ƙarewa.

Akwai masu cewa tsari ne da aka gada tun zamanin daulolin Koriya na dā, don haka ba abin taɓawa ba ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kano Jigoro, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, shi ya ɗauko matakan dan daga wasan dara na go ya kawo su fagen faɗa. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma da yawa daga waɗanda suka buɗe makarantun horo na farko a Koriya, irin su Lee Won-kuk na Chung Do Kwan, karate suka koya a Japan. Sunan taekwondo kansa sai a 1955 aka raɗa shi. Wasannin da suka fi tsufa a Koriya ba su san ɗamara mai launi ba: taekkyon ya rayu ne a jikin tsofaffi irin su Song Deok-gi, a kokawar ssireum kuma a fili ake cin suna, gwarzo ya tafi gida da bijimi. Tsarin da bai cika shekara ɗari a taekwondo ba, mutane ne suka zauna suka tsara shi, kuma sun yi saɓani. Ƙungiyar taekwondo ta ITF da Janar Choi Hong-hi ya kafa a 1966 tana kiran mai dan na bakwai da na takwas sahyun, na tara saseong, sunayen da ɓangaren Kukkiwon ba ya aiki da su. Dan na shida a wani gida ba lallai ya zama na shida a wani ba.

Akwai kuma wata suka da ta fi nauyi, kuma bai kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. Ana cewa in daraja ba ta auna faɗa, kuma kowane gida da nasa mudun, ai takarda ce kawai ta sayarwa. Shaidu suna nan. A biranen Koriya ta Kudu motocin makarantun horo suna kwasar yara bayan tashi daga boko, kuma yaro ɗan firamare yakan kai matakin baƙar ɗamara cikin shekara ɗaya ko biyu. A Amurka da Turai wanda ya ɓata da malaminsa yakan kafa ƙungiyarsa, ba da daɗewa ba sai a ji ya zama mai dan na tara. Ga kuma darajar karramawa: hukumar taekwondo ta duniya ta ba Vladimir Putin dan na tara a 2013, ta karɓe a 2022 bayan ya kai wa Yukren hari. Abin da ake bayarwa don siyasa a kuma ƙwace don siyasa, da wuya a ce gwaninta yake nunawa.

Amma sukar ta haɗa abubuwan da tsarin ya raba. Yaron da bai kai 15 ba, poom ake ba shi, ɗamara rabi ja rabi baƙi, wadda ke gaya wa kowa cewa mai ita bai isa ɗaukar nauyin wani ba. Dan na ɗaya kuma a idon 'yan Koriya mafari ne, shaidar cewa mutum ya iya tushe, shi ya sa ba sa mamakin ganinsa a ƙugun matashi ko sojan da ke hidimar dole. 'Yan waje ne, da taimakon finafinai, suka mai da baƙar ɗamara abin tsoro. Dan na karramawa kuwa an rubuta a jikinsa cewa na karramawa ne, ba ya ba mutum izinin jarraba ɗalibi ko ɗaya. Abin da ya rage na sukar shi ne masu naɗa kansu, kuma laifinsu yana fitowa fili ne saboda akwai rajista da za a duba. Wasan da ake koyarwa a ƙasashe sama da 200 ba zai yiwu a bar shi ga sanayya irin ta ƙauye ba, dole a sami hanyar da uba zai san wa ya cancanci ya riƙe masa yaro.

Wanda zai kai ɗansa horo kada adon zinariya da ke bakin ɗamarar malami ya ruɗe shi. Ya tambayi wace cibiya ta ba shi dan ɗin, a wace shekara, kuma a hannun wa ya koya. Malamin gaske zai amsa ukun ba tare da ɓacin rai ba.