Jinjina ga Masu Zoɓon Ajame da Tireshbil

Duk wanda ya ratsa tashar motocin Ajame a birnin Abijan rana na tsaka, ko ya haye gada zuwa kasuwar Tireshbil gab da buɗa-baki a watan Ramalana, haƙiƙa ya san falalar matan nan masu zoɓo. Busasshen zoɓon dai daga Arewa fatake ke kawo shi Abijan, amma hikimar tana hannun uwargida, wadda ta san gwargwadon citta da kanumfari da na'ana'a, ta san lokacin sauke tukunya tun tsami bai rinjayi ƙamshi ba, kuma a bakin murhun nan 'ya'yanta mata suke gadar ilmin. Sana'a ce ta halal, mai rufin asirin gida. Allah Ya ƙara musu albarka.