Soyayyar Da Ta Sha Miya: Me Ke Jan Mai Karatu?

Mu da ke koyar da Hausa a makarantun sakandare na yankin Anka da Bukkuyum da Gummi mun daɗe da lura da wani abu. A cikin littattafan soyayyar da muke kamawa a hannun ɗalibai a aji, wanda ya fi yagewa saboda yawan aro galibi shi ne wanda ya bi mutum biyu tun ƙuruciya har girma ya zo. Shin me ya kawo haka?

A ganinmu sirrin yana ga lokaci. Kalaman so kowane saurayi na iya zuba su wajen zance, amma shekaru ne ke tankaɗe da rairaya. Mu dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun cikin shekarun 1930. Malam Shehu ya aure Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sharrin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa. Ba don shekarun da suka shuɗe a tsakani ba, da ba mu ga yadda so ke ruɓewa ya zama gaba ba. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta auna Rabi da Alhaji Abdu cikin Alhaki Kuykuyo Ne (1990): bayan dogon zama da 'ya'ya tara ya kore ta saboda amarya, da duniya ta juya masa baya kuma ya neme ta. Can ƙasar Kolombiya ma, a 1985, Gabriel García Márquez ya sa Florentino jiran Fermina fiye da shekara 50, bai kuwa ɓoye furfurarsu ba.

Masu karatunmu sun san jira. Sun ga wanda ya tafi ci-rani Kudu ko haƙar zinare ya bar budurwa da alkawari, sun ga iyalan da rikicin 'yan bindiga ya tarwatsa. Tambayar da ke ransu ita ce: in ya dawo, shi ne dai wanda ya tafi?

A nan ne matasan marubutanmu ke tuntuɓe. Sau da yawa in aka kawo mana rubutu mu duba, sai mu tarar an ce "bayan shekara 10", amma yarinya na nan da shagwaɓarta, saurayi na nan da kalamansa na jiya. Ba wanda ya yi rashi, ba wanda bashi ya ci, ba wadda haihuwa ta canza. Wannan tsallake ne, ba tafiya ba.

Shawararmu ita ce, kafin marubuci ya sake haɗa masoyansa, ya zauna ya lissafa abin da kowace shekara ta ƙwace musu da abin da ta ba su, sa'an nan ya bar mu mu ji shi a bakinsu. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.