Keɓaɓɓun Kalmomin Kwamfuta: A Tambayi Maigatari

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, ina da ƙorafi. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share mana hawaye a fannin harshe da adabi. Amma a fannin sa ido kan kwamfutocin da aka haɗa da juna, kowa gaban kansa yake yi.

Laifinmu son dogon suna. Mun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, jama'a suka ce kwamfuta, suka wuce. A dubi Maigatari, mai yankin ciniki maras shinge a bakin iyakar Nijar. Ranar Alhamis dillalin shanu ba ya jiran ƙamus: alat ya shigo, sabis ya ɗauke. Kalmomin sa ido ke nan, gajeru, don gargaɗin da sai an fassara shi, kafin a gane ɓarna ta auku.

A ganina daga nan za mu ɗora. Inda kwamfuta ke rubuta abin da ya faru da lokacinsa, a kira shi rajista. Mai lura da shi, mai gadi. Kalmar da fatake suka ƙi ɗauka, a takarda za ta mutu. Allah ya sa mu gane.