Lahani Daban, Ruwaya Daban: Sharhi a Kan Gardamar Tajwidi a Birnin Zariya

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka da almuru, ya bi ta Babban Dodo ya kutsa cikin unguwanni, zai ji karatun Alƙur'ani iri biyu yana tashi. A zaure ga almajirai sun duƙufa a kan alluna suna karatu irin na iyaye da kakanni. Can gaba kaɗan kuma ga makarantar Islamiyya, yara suna bin malaminsu da murya irin ta Misirawa. An daɗe ana gardama tsakanin waɗannan ɓangarori biyu. Samari suna cewa dattawa ba su iya karatu ba, dattawa kuwa suna cewa yara sun mai da Littafin Allah waƙa. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, an cakuɗa abubuwa biyu ne a cikin wannan gardama, watau lahani da ruwaya. Lahani kuskure ne, dole a gyara shi. Ruwaya kuwa gado ce ingantacciya, wanda ya taɓa ta da sunan gyara ɓarna ya yi.

Ina Warshu Ya Fito?

Karatun da ƙasar Hausa ta gada shi ne ruwayar Warshu. Sunansa na yanka Usmanu ɗan Sa'idu, mutumin Masar ne, ya rasu a shekara ta 197 bayan hijira. Ya ɗauko karatu daga bakin Nafi'u, limamin makaranta Alƙur'ani na Madina, wanda ya rasu a 169. Karatun da Islamiyyoyi suke koyarwa kuwa ruwayar Hafsu ce, wanda ya rasu a 180, daga malaminsa Asimu na Kufa. Nafi'u da Asimu duk suna cikin makaranta bakwai ɗin da Ibn Mujahid ya tattara, babu wanda ya fi wani inganci. Da Warshu ake salla har gobe a Maroko da Aljeriya da Muritaniya da Mali da Nijar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, da ya zo taƙaita babban tafsirinsa domin mutanen ƙasarmu a cikin Kifayatu Du'afa'is Sudan, a kan ruwayar Warshu da mazhabar Maliku ya tsaya.

To, yaya aka yi Hafsu ya cika gari? Mus'hafin da aka buga a Alƙahira a 1924 na Hafsu ne, shi ne kuma ya zama abin koyi ga masu ɗab'i. A 1961 Shaihu Mahmud Halil Husari ya naɗi Alƙur'ani sukutum da wannan ruwaya, rediyo da kaset suka kai irin wannan karatu lungu-lungu. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, alhazai suka riƙa dawowa da bugunta. A 1986 kuma Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, inda mafi yawan abin da kunne ke ji Hafsu ne. Da yake tajwidi a matsayin darasi mai littafi da jarrabawa tare da Hafsu ya shigo wa yawancin yaranmu, sai suka ɗauka su biyun abu ɗaya ne. A nan gizo ke saƙar.

Laifin Da Ke Wuyan Zaure

Bari in fara da gida, don ba na so a ce na goyi bayan dattawa ido rufe. Akwai lahani a cikin karatunmu na gargajiya, tushensa kuwa harshenmu ne. Ibn Jazari, wanda ya rasu a 833, ya ƙidaya mafitar haruffan Larabci goma sha bakwai, da yawa daga cikinsu babu su a Hausa. Abin da Bahaushe ya yi shi ne, duk harafin da ya gagare shi sai ya ba shi rigar wanda ya fi kusa da shi a bakinsa. Ha ƙarami da ha mai ruwa da ha babba duk suka zama h guda. Zal da zaira da zadi suka zama z. Sin da sadi suka haɗe, harafin da muke kira ca shi ma ya bi su, ko kuwa ya zama c. An baki wofi ya koma hamza.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ma'ana tana sauyawa. Kalmar da ke nufin ya halitta da wadda ke nufin ya aske, a bakin Bahaushen da bai gyara ba duk "halaƙa" ce. Masani da mai raɗaɗi duk "alim" ne. Damina ko bazara ba ta raba rani da takobi a wurinsa, duka "saif" ne. Irin wannan shi malamai suke kira lahani bayyananne, babu kuwa ruwayar da ta halatta shi. Warshu bai taɓa haɗa sin da sadi ba.

Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fi kowa gane wannan, don mun karanta ilmin furuci. Mun san ƙ tamu tunkuɗau ce, daga hanɗa take fita da iskar maƙwallato, alhali ƙaf ta Larabci can baya take wajen beli, da iskar huhu. Mun san ɗ tamu haɗiyau ce, alhali harafin da muka laƙaba wa suna ɗa mai hannu ba a haɗiye masa iska. Alaramman da ya ce haka ya ji daga malaminsa gaskiya ya faɗa, amma jin bai mai da ƙ ta zama ƙaf ba.

Sa'an nan akwai sakaci da gunna. Hukunce-hukuncen nun mai ɗauri guda huɗu, izhari da idgami da iƙlabi da ihfa'i, na kowa da kowa ne, Warshu da Hafsu. Haka nan gaggawar da gardawa suke yi a tilawa har haruffa su riƙa hawa kan juna. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Zariya gari ne da ya yi suna a nahawu da lugga. Daga nesa ake zuwa Unguwar Juma da Kona don a karanta Alfiyyar Ibn Malik da Muƙamatul Hariri. Malamin da ba zai yafe wa ɗalibi wasali guda a ƙarshen kalma ba, yaya zai yafe harafi sukutum a tsakiyarta? Ba kuma za a ce mas'alar baƙuwa ce ba, don a cikin Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birni, an kawo saɓanin malamai game da bin limamin da ke lahani da wanda ba ya rarrabe lodi da zadi. Ashe maganar ta kai ga salla.

Maganar Lodi

Harafin lodi yana bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi yi wa dattawa dariya da shi. Bahaushe l yake furta shi. Shi ya sa muke da alƙali da alwala da farilla da lalura da lamiri da Ramalan da Murtala. Ba shakka a karatu wannan kuskure ne. Ibn Jazari da kansa ya ce babu harafin da ya kai shi wuya, ya lissafa yadda mutane suke ɓata shi, har ya ambaci masu mai da shi lam mai kauri, ya ce duk bai halatta ba. Amma mu duba inda malaman farko irin su Sibawaihi suka ajiye mafitarsa: gefen harshe tare da turamen sama. Harafin gefe ne, maƙwabcin lam. Ko a harshen Sifaniyanci, kalmar da suka ara daga alƙalin Larabawan Andalus tana ɗauke da wannan l ɗin a cikinta. Saboda haka tsohon da ya ce l ya kauce, amma saurayin da ya kafa tsinin harshensa a hanƙa ya fitar da d mai nauyi, yana ganin ya gama, shi ma bai taɓa gefen harshe ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Laifin Da Ke Wuyan Islamiyya

Yanzu kuma ga inda masu gyara suka wuce gona da iri. Akwai abubuwa da dama a bakin alaramma waɗanda kunnen ɗan Islamiyya ke ji kamar kuskure, alhali su ne ainihin ƙa'idar Warshu ta hanyar almajirinsa Azraƙu. Yana jan maddi, haɗaɗɗe da rababbe, har tsawon wasali shida, inda Hafsu ke tsayawa a huɗu ko biyar. Yana ɗauke wasalin hamza ya ɗora wa harafi mai ɗauri da ke gabanta, hamzar ta ɓace. Yana sauya hamza mai ɗauri a farkon tushen kalma ta zama harafin maddi, shi ya sa muke cewa mumini. Yana sirantar da ra idan ta biyo bayan wasalin ƙasa, yana kaurara lam mai wasalin sama idan ta biyo sadi, kamar a kalmar salla. Yana karkatar da alif wajen ya, shi ya sa ake jin sunan Annabi Musa kamar Muse. Ko kalmar nan ta cikin Fatiha da Hafsu ke ja wa mim, Warshu ba ya ja. Lissafin ayoyi ma ya bambanta: 6214 a ƙidayar Madina wadda mus'hafan Warshu ke bi, 6236 a ƙidayar Kufa.

Na taɓa halartar sallar asham a wani masallaci a cikin birni, inda wani yaro mahaddaci ya yi ta ci wa liman gyara daga sahun baya. Na ƙirga wurare uku, duka ukun kuwa liman ne ke kan daidai a ruwayarsa. Dattijon bai ce uffan ba, amma na ji matasa a ƙofa suna cewa lokaci ya yi da za a sami wanda ya iya. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Yaron ya haddace Tuhfatul Aɗfal mai baiti 61, ya iya zayyana hukunce-hukunce kamar ruwa, amma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai Shaɗibiyya mai baiti 1173 da ta tattara ƙira'o'i bakwai, ko Durarul Lawami'i ta Ibn Barri wadda aka tsara musamman a kan karatun Nafi'u. Husarin da yake kwaikwayo ma ya naɗi Alƙur'ani da Warshu a 1964, maɗaba'ar Madina kuma tana buga mus'hafin Warshu.

Sai dai a nan ma akwai abin lura. Karkatarwar da Warshu ke yi 'yar kaɗan ce, tsaka-tsaki ce tsakanin a da e, ana ce mata taƙlili. Cikakkiyar imala wuri ɗaya yake yin ta, a farkon Suratu Ɗaha. Mu kuwa mun buɗe baki mun mai da duka e tsantsa irin ta Hausa. Ka ga ke nan asalin abin ruwaya ne, ƙarin da muka yi lahani ne. Wanda bai san Warshu ba ba zai iya raba su ba, sai ya share duka.

Wani abin suka shi ne fifita murya a kan ƙa'ida. Yaro zai kwaikwayi numfashin Abdulbasit da karyar muryar Minshawi, ya ja maddi yadda sautin ya nema, a tafa masa. Tajwidi bai wa kowane harafi haƙƙinsa ne, daɗin murya ado ne a kai.

Abin Da Ya Shafi Adabinmu

Watakila wani ya ce mene ne ruwan ƙungiyar Hausa da wannan magana. Ruwanmu kuwa har tsaki, domin ajaminmu ɗan Warshu ne. Larabci wasali uku gare shi, Hausa biyar. Ɗigon nan da ake sa wa a ƙarƙashin harafi don a nuna imala a mus'hafin Warshu, shi kakanninmu suka ara suka rubuta wasalin e. A rubutunmu na allo, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. A bugun gabas kuwa mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa. Saboda haka yaron da bai taɓa riƙe allo ba, idan ka miƙa masa tsohuwar takardar ajami aka rubuta "ƙasa", "fasa" zai karanta. Da wannan rubutu Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya bar mana Tabarƙoƙo, da shi aka fara yaɗa Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Ranar da Warshu ya bar zaurukan Zariya, mabuɗin waɗannan taskoki ya faɗa rijiya.

Haka kuma zaure yana da ilmin da aji bai kama ƙafarsa ba. Gwanin da zai rubuta izu sittin da ka, da jan tawada da baƙi kowanne a muhallinsa, ya kuma faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da inda ta zo, ba mutumin da za a raina ba ne don ha ɗinsa ba ta fito daga maƙogwaro ba.

Kammalawa

Ni a ganina magani uku ne. Na farko, a koyar da tajwidin Warshu da sunansa, a zaure da Islamiyya, kowane yaro ya san ruwayar da yake karantawa da ta maƙwabcinsa. Na biyu, alarammomi su karɓi gyaran mafitar haruffa da gunna, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na uku namu ne, mu ɗaliban harshe. A zauna da malaman ƙira'a a rubuta ɗan littafi da Hausa wanda zai jera haruffan da ke ba Bahaushe wuya, ya gwada kowanne da sautin Hausar da ke maye gurbinsa, ya nuna inda harshe zai koma. Littattafan da muke da su an tsara su ne domin masu wani harshe, ciwonsu daban da namu.

Wanda ya ga inda na kauce a wannan sharhi, filin mujallarmu a buɗe yake. Allah ya ba mu ikon karanta Littafinsa yadda aka saukar da shi, amin.