L'Impasse: tsohon ɗan kaso da bashin lauyansa

A shekarar 1993 ne Brian De Palma ya fito da fim ɗin Carlito's Way, wanda masu kallo a Faransa suka sani da sunan L'Impasse. An ɗauko labarin daga littattafai biyu na Edwin Torres, wanda a lokacin alƙali ne a birnin Niyu Yok, mutumin da ya ga masu laifi da lauyoyinsu ido da ido. Da fari an ɗauke shi tamkar ƙanen Scarface na 1983, tun da mai shiryawa ɗaya ne, kuma Al Pacino ne jarumi a duka biyun. Daga baya mujallar Cahiers du Cinéma ta Faransa ta sa shi a sahun gaba na finafinan shekarun 1990.

Labarin yana gudana a 1975. Carlito Brigante, tsohon dillalin ƙwaya, ya fito daga gidan kaso bayan shekara 5 cikin 30 da aka yanke masa. Ba don ba shi da laifi aka sake shi ba. Lauyansa, David Kleinfeld, ya gano cewa an tara shaidar ta hanyar da doka ta hana. Burin Carlito ƙarami ne: ya tara dalar Amurka 75,000, ya tafi tsibiran Bahamas ya shiga sana'ar hayar motoci.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin da ya ajiye ɓarnar. Mai kallo yana tsammanin ganin ta a jikin ɗan kaso, sai ya same ta cikin rigar mai kare doka. Kleinfeld, wanda Sean Penn ya fito a matsayinsa da tabarau da gashi cukurkuɗe har da wuya a gane shi, yana shaƙar hodar iblis, ya kuma cinye dala miliyan 1 na wani ƙasurgumin ɗan daba da yake karewa, Tony Taglialucci. Da mutumin ya tilasta masa taimakonsa ya tsere daga kaso ta ruwa, lauyan ya roƙi Carlito ya raka shi cikin kwalekwale, can kuma ya kashe Tony da ɗansa. Carlito ya san tafiyar ba alheri ba ce, Gail da yake so ta hana shi, amma ya tafi, domin yana ganin shekara 25 na rayuwarsa bashi ne a wuyansa. Ko da mai gabatar da ƙara ya saurarar da shi muryar Kleinfeld yana tayin yi masa shaidar zur, ya ƙi tona lauyan. Abin da ya yi kawai shi ne zare harsasai daga bindigarsa a asibiti, ya bar shi da maƙiyansa. Riƙon amana, wanda ya kamata ya zama shaidar tubansa, shi ne igiyar da ta ja shi baya.

Haka jinƙansa ma. Ya wulaƙanta wani matashi mai ji da kai, Benny Blanco, amma ya hana a kashe shi, abin da Carlito na da ba zai yi ba. Wannan yaron ne ya harbe shi a bakin jirgin ƙasa mai zuwa Mayami, da haɗin bakin Pachanga, yaron gidansa.

De Palma bai ɓoye wannan ƙarshe ba, da harbin ya buɗe fim ɗin. Duk da haka, a dogon farautar da ake yi wa Carlito cikin tashar Grand Central, mai kallo yakan manta da abin da ya riga ya gani, ya shiga yi masa fatan tsira. Malaman da ke koyar da tsarin labari za su sami darasi a nan.

Akwai rauni. Gail, wadda Penelope Ann Miller ta fito a matsayinta, ba ta da labarin kanta, an ajiye ta ne ta zama ƙofar fita. Pacino kuwa, Ba'amurke ɗan asalin Italiya, bai riƙe karin maganar mutumin Puerto Rico daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma muryarsa da ke bayyana tunaninsa a bayan hoto takan faɗi abin da fuskarsa ta riga ta nuna.